An Mayar Mana da Kirsimeti Watan Maris

Daga:
Babbar Ungozoma,
Ɗakin Haihuwa,
Babban Asibiti.

Zuwa ga:
Mai girma Shugaban Hukumar Gudanarwar Asibiti,
Ta hannun Shugabar Ma'aikatan Jinya.

9 ga Disamba, 2024

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN SABON JADAWALIN HUTU WANDA YA RABA RANAR HAIHUWAR ALMASIHU BISA MATAKIN ALBASHI

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan alheri a gare ka da sauran mambobin hukuma, ina neman izini in gabatar da kokena. Ni ce ungozomar da ta fi kowa daɗewa a ɗakin haihuwa na wannan asibiti, kuma ban taɓa ɗaukar alƙalami da sunan ƙorafi ba, ko a shekarar da rufi ya yi ta yoyo a kan gado na uku, muna karɓar jariri da hannu ɗaya muna tura bokiti da ƙafa. Abin da ya sa na rubuto yau bai wuce rana ɗaya ba, wato Laraba, 25 ga Disamba. Ina so in yi ta a gida tare da mahaifiyata, wadda babban likitan zuciya na wannan asibiti ya sallama ranar 14 ga Nuwamba, ya ja ni gefe ya ce mu je mu kula da ita, kada mu sa rai da watanni masu yawa. An hana ni wannan rana, ga kuma yadda aka yi.

1. Tun kafin a ɗauke ni aiki, ungozomomi suna da tsarinsu. Abokan aikinmu Musulmi su riƙe mana ɗaki ranar Kirsimeti, mu ma mu riƙe musu ranar idinsu. Babu taro, babu kwamiti, a bakin famfon wanke hannu ake gama maganar. Ban taɓa jin wata mata ta haihu a baranda saboda wannan musaya ba. Bana ma abokiyar aikina, wadda duk ɗakin ke kira Yaya Babba, ta karɓar min ranar tun cikin Oktoba, har tana tsokanata wai in na dawo hannu rabbana, ba abincin biki, ba ta san ni ba.

2. Ranar Litinin, 2 ga Disamba, sabon Jami'in Kula da Ma'aikata ya tara mu a ɗakin taro. Wannan bawan Allah bai daɗe da dawowa daga kwas ba, kuma tun da ya dawo ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya ce "bincike ya nuna", shi ya sa ma'aikata ke kiransa Malam Bincike. Ina roƙon afuwa idan sunan ya kuɓuce min a nan gaba, baki ya riga ya saba. Ya sa aka saki labule, aka kunna majigi, ya karanto mana lacca a kan asalin Kirsimeti. Ya ce Linjila ba ta faɗi ranar da aka haifi Yesu Almasihu ba. Ya ce sai bayan shekara ɗari uku da ɗoriya aka fara samun labarin ana bikin ranar 25 ga Disamba a birnin Rum, wasu majami'un ƙasashen gabas kuwa har yau cikin Janairu suke nasu, wasu masana kuma suna ganin tun da makiyaya na kwana a fili da tumakinsu, ƙila ba cikin sanyi ba ne. Ranka ya daɗe, ban musa ko ɗaya ba. Fastonmu yana faɗar haka kusan kowace shekara, kuma babu wanda ya taɓa suma a majami'a. Har tafi muka yi masa, don mun ɗauka bayan laccar za a raba lemo.

3. Babu lemon da aka raba. Hoto na gaba da ya haska a bango albashinmu ne, na kowa da kowa, daga sama har ƙasa. A can ƙololuwa manyan likitoci, sai lauyan asibiti da muke gani sau biyu a wata, sai babban akanta, sai injiniyan da ya gyara mana rufin nan har yoyon ya koma gado na huɗu. A tsakiya masu haɗa magunguna da masu gwajin jini. Mu ungozomomi da ma'aikatan jinya muna can wajen ƙugu. Masu shara da masu gadi kuwa sun yi ƙasa har bango ya ƙare, layinsu ya faɗa a kan kwandon shara, sai da wani dattijon mai gadi ya durƙusa kafin ya ga kansa. Da ya miƙe sai ya ɗaga kai ya karanta kuɗin man motar babban likita, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ni ma a ranar na san cewa wanda yake ƙirga min albashi ya ninka ni sau uku. Ba ƙorafin albashi na zo yi ba, da idona a buɗe na zaɓi wannan aiki. Amma a tsiraita mutum a gaban abokan aikinsa, a kuma kira abin lacca, wannan ya yi min ciwo.

4. Daga nan Malam Bincike ya haɗa hotunan biyu ya fitar da hukunci. Wai tun da ranar ba ta da tabbas, babu dalilin da zai sa kowa ya yi bikin rana ɗaya, asibiti ya zama kango. Saboda haka:

Mataki na goma sha uku zuwa sama za su yi nasu ranar 25 ga Disamba.
Mataki na tara zuwa na goma sha biyu, 7 ga Janairu, wai kamar 'yan'uwanmu na majami'un gabas.
Mu 'yan mataki na takwas zuwa ƙasa, watan Maris, tare da makiyaya.
Masu shara da masu gadi, wai za a sanar da su.

Musaya kuma an haramta ta, wai tana ɓata masa alƙaluma. Ranka ya daɗe, na yi karatu daidai gwargwado, amma sai a ranar na fahimci cewa shakkar tarihi tana ƙaruwa ne gwargwadon raguwar albashi. A wajen babban likita ranar haihuwar Almasihu tabbatacciya ce kamar ƙarshen wata. A wajen mai haɗa magani ta ɗan gota da mako biyu. Da aka zo kanmu sai masana suka rikice gaba ɗaya, a wajen mai shara kuwa har yanzu ba a ma haife Shi ba. Shekara da shekaru ina faɗa wa mata ranar da ake sa ran haihuwarsu, ban taɓa tambayar matakin albashin miji kafin in lissafa ba.

5. Yaya Babba ce ta ɗaga hannu ta tono abin da ke ƙasa. Ta ce ita dai Musulma ce, ga shi ita ma an ba ta Kirsimeti a watan Maris, to a ina za ta ajiye shi, kuma me ya hana a bar ta ta yi aikin da ta ce ta ji ta gani? Malam Bincike ya gyara wuyan riga ya ce ai magana ce ta tsimi. Doka ta ce wanda ya yi aiki ranar hutunsa a ninka masa kuɗin wuni. A tsare babban likita ranar Kirsimeti asara ce ga asibiti, mu kuwa ninkinmu ba ya ɗaga wa kowa hankali. Ya ƙara da cewa ma ba za a ninka ba, domin tun da namu bikin ya koma Maris, 25 ga Disamba ta zama Laraba kamar kowace Laraba a wajenmu. Ranar Maris ɗin kuma, da yake ba hutun gwamnati ba ce, za a cire ta daga hutunmu na shekara. Wato an karɓe mana rana, an hana mu ladanta, sannan za a sayar mana da wata. Da aka tambaye shi wa zai tsaya idan haihuwa ta zo da gardama alhali manyan likitoci duk suna gida, ya ce a buga musu waya. Ranka ya daɗe, ka taɓa buga wa babban likita waya yana tsakiyar cin abinci da baƙi?

6. Ranar Laraba, 4 ga Disamba, na same shi a ofishinsa ni kaɗai, na faɗa masa halin da mahaifiyata take ciki. In faɗi gaskiya, ya ba ni kujera, ya ce Allah ya ba ta lafiya. Sannan ya juyo min da allon kwamfutarsa ya nuna min cewa Kiristocin farko sun yi ɗaruruwan shekaru ba su yi bikin nan ba, kuma babu abin da ya same su. Ya ce abin a zuciya yake, ba a kalanda ba, in yi wa Mama bayani a hankali za ta gane. Ina fitowa sakatariyarsa ta raɗa min in daina wahalar da kaina, Malam Bincike zai tafi hutu daga 20 ga Disamba sai bayan 7 ga Janairu. Ashe shi har guda biyu zai ci, na yamma da na gabas. Ina kuma tunatar da hukuma, cikin ladabi, cewa a watan Oktoba aka ɗaga shi zuwa mataki na goma sha uku. Daidai ƙarƙashin tafin ƙafarsa binciken ya ja layi.

7. Mahaifiyata ba ta san birnin Rum ba, ba ta kuma san matakin albashina ba. Tun tana budurwa take cikin mawaƙan majami'a, har muryar ta tsufa aka mayar da ita layin baya, ba ta fasa zuwa ba. Yanzu ba ta iya sauka daga gado. Sunayen jikokinta sun fara cakuɗe mata, amma kowace safiya ina shiga da ruwan ɗumi tambayarta ɗaya ce, saura kwana nawa. Ta sa an ciro mata farar rigarta an rataye a jikin ƙofa inda idonta zai riƙa kaiwa. Matan ƙungiyarsu sun yi alkawarin za su biyo gida bayan sujada su yi mata waƙa a bakin gado. Ƙanena zai taso daga nesa da iyalinsa. Sai dai Mama ba ta yarda kowa ya yi mata wanka ko ya ɗaura mata ɗankwali in ba ni ba. Matar ƙanena ta taɓa gwadawa, Mama ta juya fuska bango ta yi ta hawaye. Idan ba na nan, a kwance za su same ta cikin rigar barci, ita da ba ta taɓa tsayawa gaban jama'a ba a kintse ba. Ranka ya daɗe, ina jin tsoro, ina kuma jin haushi, kuma ban iya ɓoye ko ɗaya a cikin wannan takarda ba. Asibiti ɗaya ne ya ce min kada in sa rai da watanni masu yawa, shi ne kuma ya ce in jira watan Maris.

Bisa ga abubuwan da na zayyana, ina roƙon hukuma da ta dubi Allah ta yi waɗannan:

(a) A amince Yaya Babba ta riƙe min aiki ranar 25 ga Disamba, kamar yadda ita da kanta ta nema. Ba zai ci wa asibiti ko sisi ba, tun da mu biyun duk masu araha ne.

(b) A janye wannan jadawali, a mayar wa ɗakin haihuwa da tsarinsa na musaya.

(c) Idan hukuma ta gamsu da binciken har ba ta son rabuwa da shi, to a zuba ranakun a cikin kwano kowa ya sa hannu ya ɗauka, tun daga babban likita har mai gadi, shi ma Jami'in Kula da Ma'aikata ya sa nasa hannun. Tun da a zuciya abin yake, na tabbata ba zai damu ba idan Maris ta faɗo masa.

(d) A ba ni amsa kafin 20 ga wata, domin daga ranar Jami'in Kula da Ma'aikata, wanda zai sa hannu, ya tafi bikinsa.

A ƙarshe, kada hukuma ta ɗauka barazana nake yi. Idan aka ƙi, zan zo aiki ranar Laraba da farin kayana, in wanke hannu in karɓi 'ya'yan mutane kamar kullum, domin ban taɓa juya wa mai naƙuda baya ba kuma ba zan fara bana ba. Alfarma ɗaya kawai zan nema a lokacin. Idan watan Maris ya kama, kada a wahalar da akanta wajen cire min rana daga hutuna. A ba wani mai bukata, don ni a ranar ba ni da wadda zan yi wa wanka.

Ina mai sunkuyar da kai cikin girmamawa, tare da addu'ar Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya kuma kai ka bikinka lafiya a ranar da ta dace da matakinka.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Babbar Ungozoma,
Ɗakin Haihuwa.