Shanun Baba a Takardar Ofis

Damba, Gusau.
11 ga Maris, 1974.

Zuwa ga Adda Hadiza,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Bashiru da yara. Yaya zafin Tsafe? Ni lafiyata lau, ina cin abinci, ina zuwa aiki. Na san Malam ne zai karanta miki wannan, ya yi haƙuri da abin da zai ji.

An ba ofishinmu na dabbobi aikin gano yawan shanun da farin nan ya kashe. Shugabana, Malam Zakariya, ya ɗauke ni saboda ina jin Fulatanci kuma hannuna ya faɗa a lissafi. Mako uku muna zaga rugage a ƙasar Bungudu. Ran Talata motarmu ta tsaya Karakkai, muka taka har rugarmu.

Na iske Baba zaune gindin kiryar nan. Ya miƙe ya gaishe mu irin gaisuwar da ake yi wa ma'aikata, ya shimfiɗa mana buzu. Malam Zakariya bai san mahaifina ne ba, ni kuma ban faɗa ba. Ya ce in tambayi tsohon nawa suka mutu. Kin san Baba bai taɓa ƙirga shanunsa ba. Sai ya shiga kiran sunayensu: Wule, Saye, 'yar Saye, Nyale da aka ba ki ranar sunanki. Yana kira ina jan layi a takarda. Hamsin da huɗu. Saura bakwai, su ma sai an ɗaga su suke tsayuwa. Na rubuta, na yi godiya, muka wuce ruga ta gaba. Inna ta leƙo daga bukka ta koma.

Adda, akwai abin da ba ki sani ba. Da kaka, lokacin da Baffa Sule zai kora nasa kudu, Baba ya so ya bi shi. Ni na hana. Na ce na ji a ofis za a kawo angurya a raba wa makiyaya, ya dakata. Ya ce tunda mai karatu ya faɗa, shi ke nan. Buhu biyu ya samu, a watan Janairu. Baffa Sule an ce yawancin nasa suna raye.

Tun ran Talata nake jira in ji wani abu a raina. Har yau shiru.

Ki gaida yara. Ni ne ƙanenki,
Manu.

Damba, Gusau.
20 ga Mayu, 1974.

Zuwa ga Adda Hadiza,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso, da daddawar. Na gode. Kin ce in yi kuka in huta. Na gwada.

Mun gama rahoton. Ni aka ba lissafin ƙarshe, bari in faɗa miki yadda ake yi, Malam Bashiru zai gane. Manyan lambobi ba a jera musu sifili, gajarta su ake yi. An ƙiyasta rugage dubu biyu da ɗari huɗu, sai a rubuta 2.4 × 10³. Kowace ruga, in an daidaita, ta rasa sha takwas, wato 1.8 × 10¹. Ka ninka na gaba da na gaba, ka tara ƙananan lambobin da ke kan goma. Ya ba ni 4.32 × 10⁴, shanu dubu arba'in da uku da ɗari biyu.

Malam Zakariya ya duba ya ce in cire lambar 2 ɗin nan ta ƙarshe. Tunda lambobi biyu kawai muka tabbatar tun farko, amsa ba za ta fi su tabbas ba. Gaskiyarsa ce, haka aka koya mana. Na goge, ya koma 4.3 × 10⁴. Shanu ɗari biyu suka fita, kusan ninki huɗu na waɗanda Baba ya rasa. Na hure garin roba daga kan takardar, na miƙa. Ya yaba tsabtar aikin, ya ce zai sa sunana a ƙarin girma.

Shanun Baba bakwai ɗin nan da suka rage, uku sun mutu, huɗu mahauta sun saye. Inna ta tafi wurin danginta a Rawayya. Baba na ɗauko shi, muna ɗaki ɗaya. Bai taɓa tayar mini da maganar angurya ba. Da ma ya zage ni. Yana wuni bakin ƙofa yana kallon masu kekuna, in na dawo ya ce mini sannu da aiki.

Shekaranjiya ya ce in nema masa gadi, ba zai zauna ɗansa na ciyar da shi ba. Wani ɗan kasuwa yana neman mai tsaron sito, sai dai ana cike takarda. Na zauna na cike. Suna, na rubuta. Shekaru, na ƙiyasta. Da na zo wurin sana'a na tambaye shi me zan sa. Ya daɗe yana duban tafin hannunsa, ya ce in sa duk abin da na ga dama.

Jibi zai fara. In kin samu mota ki zo ki gan shi, ya fi sakewa da ke.

Allah ya bar zumunci. Ƙanenki,
Manu.