Hannuna Ya Kai Ƙarar Tattabaru

Litinin, 3 ga Maris
Na taɓa jin wai a asibiti ana tsaga fatar mutum, ta faɗi sunan abin da ke cutar da shi. Na ɗauka tatsuniya ce. To, ga shi 'yata ta ce gobe za a yi wa tawa, saboda atishawar nan da tarin da ya ƙi barina. Ita tattabaruna take zargi. Tsuntsayen da na raina tun ba a haife ta ba.

Talata, 4 ga Maris
Nas ta jera ɗigo-ɗigo a hannuna, kowane da alamarsa: ƙura, gashin kyanwa, gashin tsuntsu. Ta tsikari kowanne da ɗan tsinke. Muka zauna jira. Ko ɗaya bai tashi ba. Har na fara yi wa 'yata kallon kin gani ko.
Sai nas ta nuna na ƙarshe, ta ce wannan a jikin kowane mai rai sai ya kumbura. "Baba, ko dai gawa aka kawo min, ko ka sha maganin ƙaiƙayi."
Na sha mana. Biyu ma, don kada in yi atishawa a gaban likita. Ashe ladabina ya toshe wa fatar baki.

Talata, 18 ga Maris
An sake gwajin, wannan karon ban sha ƙwaya ba. Wurin gashin tsuntsu ya taso jajir kamar cizon rina. Innalillahi. Hannuna, da shi nake watsa musu hatsi.

Laraba, 19 ga Maris
Likita ya ba da abin fesawa a hanci da na shaƙa. Ya ce magani ba ya cin nasara matuƙar akurkin yana jikin tagata. Uwar yara kuwa ba ta ce uffan ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Lahadi, 23 ga Maris
Maƙwabcina tela ya zo da kwando ya kwashe tattabarun. Ban fito ba.

Asabar, 12 ga Afrilu
Wata fara daga cikinsu ta dawo kan katanga, na kore ta. A hankali dai.
Ni ban ga wani sauyi ba. 'Yata ta ce na daina tari, amma ita da ma gefen likita take. Tela ma ya faɗa, shi kuma ya ci riba. Sai ɗazu, tana ninke kaya, ko kallona ba ta yi ba, uwar yara ta faɗa.