Dabinon da Ya Biyo Ni Bakin Teku

Suwaiƙ, ƙarshen kakar dabino

Zuwa ga Ummu Saif,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Azza da jaririnta. Yaya ƙafar taki? Kin ce jegon 'yarki ba zai ɗauke ki dogon lokaci ba, ga shi Maskat ta riƙe ki, ni kuma an bar ni da shinkafar da kullum sai ta caɓe.

Albishirinki. Kwanakin baya mota ta tsaya a ƙofar gida cike da buhunan dabino daga Rustaƙ, daga lambun Hamud. Direban ya ce rabona ne. Na ce masa ai na bar aikin tun kafin barbarar dabino, da gwiwoyina suka ƙi hawa. Ya ce shi dai sauke kaya aka aiko shi. Kin san ladan mai kula da lambu: nono ɗaya a kowace bishiya, wanda ya ɗaure da ƙullinsa na ganye. Bana kuwa ban ɗaure ko ɗaya ba. Na tabbata Hamud ne ya tuna shekarun da na yi a saman bishiyoyin ubansa, ya sallame ni sallamar manya. Har kunya ta kama ni, don na sha kiransa marowaci a zuci.

Na sayar da dabinon, Shamsa, na sayi shuɗin kwale-kwalen nan da muke wucewa a bakin ruwa. Kada ki yi faɗa. Shekara da shekaru in ina saman dabino iska na kaɗa ni, nakan rufe ido in ce a kan teku nake. Na sa an rubuta sunanki a goshinsa, kuma ba zai taɓa ruwa ba sai kin dawo. Kowace safiya nakan zauna cikinsa a kan rairayi da gahawata. Masunta in za su wuce sai su ce, “Baban Saif, in ka isa Zanzibar a gaishe su.”

Ki sumbaci jaririn a madadina.

Mijinki,
Khalfan

Rustaƙ

Ummu Saif,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, zazzaɓin yaron ya sauka? Kada ki yi mamakin inda nake rubuto miki.

Ashe ba kyauta ba ce. Hamud ya kira ni, ko gaisuwar kirki babu, ya ce an yi kuskure. Kin tuna Darwish, mutumin da ya karɓe ni a aikin, mai 'ya'ya mata da yawan nan? Ni na koya masa komai, har ƙulli. Irin nawa yake ɗaurewa, lanƙwasa biyu da wutsiya a hagu. Masu yankan dabino da ake ɗauka kowace kaka sun san ƙullin nan tun suna samari, suka ware nonnan suka ce na Khalfan ne. Hamud yana Dubai lokacin. Yanzu ya ce mu sasanta tsakaninmu, shi ya biya ladan lambu sau ɗaya.

Na je gidan Darwish. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo gahawa, sai aka jima babu dabino. Na ji matarsa ta fita ta ƙofar baya zuwa maƙwabta da faranti a cikin mayafi. Mai kula da lambu guda, Shamsa, yana aron dabinon baƙo.

Na tambaye shi me ya hana shi magana duk watannin nan. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, na ɗauka shekarar farko ta malami ce.”

Ƙwaya ɗaya kawai na ɗauka. Zuciyata ba daɗi, kuma ba zan ɓoye miki ba, har a kan tabarmar nan kwale-kwalen nake tunani.

Naki,
Khalfan

Suwaiƙ

Shamsata,

Ina gaishe ki, ina gaida Azza da angon ƙarni. Ni lafiya, sai gwiwa.

Na sayar wa Mubarak masunci kwale-kwalen. Kuɗin bai cike ba, na ƙara da zoben azurfata, na kai wa Darwish da hannuna. Sai da na rantse masa kafin ya karɓa. Na ce ya sake ƙulli, ya gwada a gabana, yatsunsa suka ƙi, suka koma irin nawa. Don haka na bi masu yankan gida-gida na shaida musu ƙullin nan na Darwish ne daga yau.

Ki yafe mini abu ɗaya. Da safiyar da zan miƙa kwale-kwalen, na tura shi ruwa ba ke. Teku ta kwanta luf, fara sol kamar madara a ƙwarya. Na yi nisa har gidaje suka ƙanƙance, na ajiye filafili na rufe ido. Ruwa ya ɗaga ni ya sauke. Kin san abin da na gani? Saman dabino, da ganye yana kaɗawa, da ke a ƙasa kina kirana in sauko abinci zai huce.

Mubarak ya ce ba zai goge sunan ba, wai ya yi wa jirgin kyau. Yanzu kowace safiya ina zaune a rairayi da gahawata, kina wucewa ta gabana, kina shiga teku ba ni.

Ki dawo gida haka nan.

Mijinki,
Khalfan