Hoton Barka da Juma'a

Juma'a, bayan isha'i

Muna fitowa daga asibiti ƙawata Zainab ta ja ni gidan zane-zane, wai na cika kulle kaina a gida. Muka tsaya gaban hoton wata gimbiyar Faransa ta zamanin da: kumatu jajur, gashi fari fat da hoda, rigar siliki har tana jan ƙasa. Zainab ta ce masu zanen fada kan share tabon agana daga fuskar matan sarauta. "Wa zai biya mai zane ya faɗi gaskiya?" in ji ta.

Na yi dariya, amma sai na tuna da nawa hoton. Da safen nan na shafa hoda, na zana girar da maganin chemo ya cinye, na ɗaura ɗankwali a kan da ba gashi, na tura wa Umma hoton barka da Juma'a kamar kowane mako. Wata huɗu ke nan ban gaya mata ina da ciwon daji ba.

Ɗazu saƙon muryarta ya shigo: "Masha Allah, Hadiza, har kin yi ƙiba! Yanzu hankalina ya kwanta." Kumburin magani ne. Sau biyar ina saurare.

Ita gimbiyar wani ne ya yi mata ƙaryar. Ni da hannuna na zana tawa.