Satin da Na Ce Ina Laburare

Halifax,
Talata, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Anti Noreen,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Kawu Des da su Bryony. Yaya gwiwarki? Mama ta ce likita ya hana ki hawan tudu, na ce to ai sai dai ki bar Dunedin, don a hotunan da kike aikowa ban ga titi ɗaya a kwance ba. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Kaka Wilf ya samu sabuwar na'urar kunne, amma da Mama ta fara masa faɗan gishiri sai ya cire ta ya sa a aljihu.

Anti, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Shona aminiyata ba ta sani ba. Satin farko na hutun Ista, kullum da safe sai in ɗauki jaka in ce wa Mama na tafi laburaren Leeds karatun jarrabawa. Leeds kam na je, amma ko ƙofar laburare ban taka ba. Wani kamfanin odita nake zuwa, masu binciken littattafan kuɗi na kamfanoni. Suna ɗaukar waɗanda suka gama sakandare kai tsaye, su koya musu aiki, su biya su albashi, su kuma biya musu kuɗin jarrabawar ƙwarewa har shekara biyar. Tun cikin hunturu na cike takardarsu a ɓoye, suka kira ni satin gwaji. Jiya suka aiko cewa sun ɗauke ni, in fara a Satumba in dai sakamakona ya yi kyau. Suna son sa hannuna kafin Juma'a.

Na san me za ki ce. Tamsin da lissafi? Tamsin da ke ɓoye littafin soyayya a cikin littafin tarihi? Ni ma dariya nake wa kaina. Gaskiya ranar farko na shiga ofishin ina tsammanin wani dogon shugaba mai ɗaure fuska zai fito, mu yi karo a bakin ƙofa, takarduna su watse, ya durƙusa ya taya ni tsincewa. Wanda ya fito sunansa Mista Pickersgill, mai sanƙo ne, da ɗigon ƙwai a rigarsa, kuma abin da ya fara nuna mini shi ne inda ake ajiye madarar shayi da wadda ba a taɓawa. Amma kin san halina da littafi: in saurayin ya ce yana Landan ranar Laraba, sai na koma baya shafi arba'in na duba ko haka ne. Ashe akwai masu biyan mutum ya yi wannan! Sai a ba ki takardar oda, ki bi sawunta zuwa takardar kai kaya, daga nan zuwa ta biyan kuɗi, ki ga ko labarin ya haɗu. Na wuni a kai ban ji yunwa ba.

Abin da ya faru ranar Alhamis shi nake so in ba ki labari. Ƙarshen shekarar kuɗi ce ta wani kamfanin barguna, aka tura ni ƙirgar kaya a sitonsu tare da Gwen, wadda take koya mini aiki. Ita ma daga sakandare ta shigo, yanzu shekararta huɗu a kamfanin, tana da 'yar motarta mai ƙamshin lemo. Ta ba ni takarda da fensir, ta ce in zaɓi kaya daga takarda in nemo su a kanta, sannan in zaɓi wasu daga kanta in nemo su a takarda, duk wanda ya yi daidai in sa masa alama. Mai kula da siton wani dattijo ne, Mista Sutcliffe, ƙato mai murya kamar jirgin ƙasa. Muka zo kan wasu kwalaye goma sha biyu can a kantar sama, kusa da rufi. Na ɗaga kai ina kallonsu, sai ya ce, "Ashirin-ashirin ne a ciki, 'yar nan. Tun uwarki na goye nake ƙirga su. Rubuta mu wuce, shayina na hucewa." Anti, kin san ni, ko a shago aka ba ni canji ba daidai ba sai in yi godiya in fita. Na sa alama, muka wuce.

Da Gwen ta karɓi takardar, ta ɗora yatsa a kan layin nan ta tambaye ni wanne kwali na buɗe. Na ce ai Mista Sutcliffe ya ce ashirin ne. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi wannan 'yar alamar ba ta nufin "an gaya mini", tana nufin "ni Tamsin na gani da idona", kuma akwai mutanen da ba za su taɓa shiga siton nan ba da za su dogara da ita. Ta miƙo mini magogi ta ce in goge in koma. Na ce ko za ta raka ni? Ta ce a'a, ƙafarta na ciwo, alhali ga ta tsaye garau tana cin biskit.

Siton nan ban san yana da tsawo haka ba sai da na ratsa shi ni kaɗai. Na same shi zaune da kofinsa. Sau biyu ina buɗe baki ba abin da ya fito. A na uku na ce, don Allah ina so a sauko da kwalayen. Ya dube ni ta saman tabarau, ya kira wani abokin aikinsa ya ce, "Kev, kawo motar ɗaga kaya, gimbiya ba ta yarda da tsoho ba!" Fuskata kamar an watsa mata ruwan zafi. Da aka sauko da su ya tura mini na gaba, ni kuma ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ce na baya nake so, wancan mai ƙura. Ya buɗe, na durƙusa na ƙirga barguna ɗaya bayan ɗaya. Ashirin cif. Na sa aka buɗe wani, shi ma ashirin. Ya ce, "Kin gamsu, ranki ya daɗe?" Na ce na gamsu. Sai ya fashe da dariya, ya ɗaga murya ya ce da Gwen can nesa, wannan ta fi ki, ke sai da kika shiga bayi kika yi kuka tukuna. Ashe duk shekara haka yake wa sabon shiga. Washegari da Mista Pickersgill ya tambaye ni abin da na koya a satin, ban ɓoye ba, kuskuren nan na ba shi labari tun daga farko. Na zaci na kashe kaina, sai ga saƙonsu jiya.

Matsalar ita ce Mama. Kin fi ni sanin ƙanwarki. Jami'ar Lancaster ta ba ni gurbin karatun adabi, kuma babu wanda Mama ba ta gaya wa ba, har mai kawo wasiƙu. Kullum cewa take ni ce ta farko a zuriyarmu da za ta sa hular nan mai kusurwa huɗu ta masu kammala digiri. Ta riga ta saya mini tukunya biyu da butar shayi da zanen gado mai furanni, suna ƙarƙashin gadonta, tana tsammanin ban gani ba. Shekara goma sha tara tana dafa abinci a makarantar firamare, in ta dawo ƙafafunta a kumbure. Ta yaya zan dube ta in ce ba na so? Kuma ba wai na tsani adabin ba ne. Littattafaina ba inda za su, zan karanta su a jirgin ƙasa safe da yamma. Kawai dai a siton nan na ji muryata ta fito, kuma ina son in sake jin ta.

Shi ya sa na zauna rubuta miki. Niyyata in roƙe ki ki kira ta ranar Alhamis ki lallaɓa ta, tunda ke ce kika bar makaranta kina da shekara sha shida kuma ga ki kin zama mutum, kuma maganarki kaɗai take ji ba ta katse ba.

Ki gaishe mini da Kawu Des, ki ce masa har yanzu Kaka na jiran zumar da ya yi alkawari. Ki gaida Bryony da mijinta da jaririya Isla, a sumbace mini ita. Kaka Wilf yana gaisuwa, ko da yake bai san ina rubutu ba.

Taki 'yarki mai ƙaunarki,
Tamsin

Ƙari: Na karanta abin da na rubuta, sai na tuna wasiƙa takan yi sati biyu kafin ta iso ki, Juma'a kuwa saura kwana uku. Ina jin tun farko na san haka. Zan iya kiranki a waya, amma in Mama ta ji daga bakinki, abin da zai fi yi mata ciwo shi ne na tsallake ta na tafi har ƙarshen duniya neman mai faɗa mata. Ga shi ta dawo, ina jin ta a kicin tana cire takalma tana tambayar Kaka wa ya cinye cukun. Bakina ba zai iya ba, na sani. Amma hannuna zai iya. Zan sauka yanzu in haɗa mata shayi, in miƙa mata wasiƙar nan, in zauna a gabanta har ta kai ƙarshe. In ta iso ki da tabon shayi a jiki, to ki san ta karanta.