Bizar Asma'u tana hannun babanta

Assalamu alaikum Yaya Malam,

Ka yi haƙuri da na dame ka, na san hidimomi sun yi maka yawa. Ina fatan kana lafiya, da Yaya Rabi da yara. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Maganar 'yarka Asma'u ce. Jami'arsu ta zaɓe ta ta je Jamus shekara guda, ta karanci Ibrananci da addinin Yahudawa, cikin karatunta na kwatanta addinai. Ranar Juma'a ta faɗa wa babanta muna cin abinci. Ya tsame hannunsa ya ce, "Me zan gaya wa mutanen unguwarmu Waziriyya a masallaci?"

Ka san iƙamarta, wato takardar izinin zamanta a nan Jidda, a ƙarƙashinsa take. Ya ce in ta nace, ba bizar fita da dawowa zai yi mata ba, ta fita kwata-kwata zai yi. Yarinyar da aka haifa a Jidda, ina za ta koma? Ta ce, "Halas, shi ke nan, Baba, yi." Tun ranar ba su gaisa ba.

Ni kaina zuciyata ba ta kwanta ba. Amma na tuna kamar Babanmu ya taɓa karantar da mu cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa wani sahabi ya koyi rubutun Yahudawa. Ina tsoron in jingina masa abin da ban tabbatar ba, shi ya sa na yi shiru.

Don Allah ka duba mana. In haka ne, ka kira Alhaji babanta, kai yana jin maganarka. In ba haka ba ne, ni zan zaunar da ita da kaina.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Inna. Ka amsa da wuri, jami'ar na jiran amsarta.

Ƙanwarka,
Hauwa