Sunan da Na Bar wa Gardi

Waca, daren Laraba, tara ga watan Rajab

Yau ɗan farina ya dawo daga aikin hanyar Magarya, inda Nasara suka riƙe su, shi da sauran samarin gari, wata biyu. Ya rame, ƙafafunsa duk faso. Da ya durƙusa zai gaishe ni, na kau da kai na ce, "Kai wannan, an dawo?" Haka na saba. Tun ranar da na raɗa masa suna a kunne ban sake faɗinsa ba, saboda kunyar ɗan fari. Ni ma haka ubana ya yi mini.

Bayan la'asar yana shan fura ya ce, "Baba, a can kullum safiya gardi, dogarin kumandan, ke kiran sunana, da bulala a hannunsa. Na yi ta tunanin yadda zai fito daga bakinka." Matarsa na da ciki. Ya ce, "In ta sauka lafiya, ni dai zan kira nawa da sunansa. Ai ba shi ya roƙa a kawo shi duniya ba."

Na hasala, na ce rashin kunya ya koyo a can. Ya yi murmushi irin na uwarsa, ya ci gaba da shan furarsa.

Na ciyar da yaron nan, na koya masa karatu, na yi masa aure, na ɗauka na sauke nauyi. Ashe sunan da na yanka rago dominsa na bar wa gardi.

Bari hannu ya fara rubuta shi: Habu. Habu.

Gobe da asuba, in zan tashe shi salla, sai baki.